Yadda ake sauƙaƙa wa ɗan kallo hanyar zuwa filin ƙwallo a Katsina

Tun yana ƙofar gida ɗan kallo yake gama lissafin zuwa filin wasa. Nawa ne kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, ina zai ajiye babur ɗinsa, ina zai yi la'asar, zai samu abin hawa in an tashi ko sai ya taka da ƙafa. In lissafin ya yi masa nauyi, sai ya shiga gidan kallo na unguwa ya biya kuɗi kaɗan ya kalli Firimiyar Ingila a inuwa. Saboda haka jami'an kulob, masu kula da fili da shugabannin magoya baya su sani cewa aikin cika kujeru yana farawa ne daga kan titi.

Filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda har yanzu mutanen gari ke kira Karkanda, yana ɗaukar kimanin mutum 35,000, kuma nan ne gidan Katsina United. Ba a ɗauke fili a kai shi wani wuri, amma ana iya rage lokaci da kuɗi da fargabar da ke tsakaninsa da gidajen mutane. Mun san nisa yana kashe kallo. A kakar 2013 zuwa 2014 Coventry City ta Ingila ta koma buga wasanninta na gida a Northampton, fiye da kilomita 50 daga garinta, sai 'yan kallo suka faɗo daga sama da 10,000 zuwa wajen 2,000. Wasu nisa ne ya hana su, wasu kuma fushin an ɗauke musu kulob ne ya sa suka ƙi zuwa, kuma duka biyun daga wurin da aka kai wasan suka samo asali.

Fara da sanin daga ina mutanenka suke zuwa

A wasa biyu ko uku a jere, a tsayar da matasa huɗu a ƙofofi da takarda da biro. Kowane mutum na goma da ya shigo a yi masa tambaya biyu kawai: daga wace unguwa ko gari, kuma da me ya zo. Kada a tambayi suna ko lambar waya, domin mutane za su ƙi amsawa, layi kuma ya tsaya. Daga nan a raba amsoshin gida uku. Na farko masu takowa da ƙafa. Mai lafiya yana cin kilomita ɗaya a minti 12 zuwa 15, kuma in tafiyar ta wuce rabin awa a zafin watan Afrilu ko Mayu ba kowa zai yi ta ba. Na biyu mutanen cikin birni da kewaye, masu hawa Keke ko acaba daga su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, har Batagarawa. Na uku na nesa: Daura, Mashi, Mani, Kaita, Jibiya, Rimi, Charanchi, Dutsin-Ma. Kowane rukuni da abin da ke hana shi zuwa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Abin hawa, musamman na komawa

Yawancin masu shirya wasa zuwan mutane suke tunani, alhali komawar ce ke korar ɗan kallo. Ana zuwa ne da kaɗan-kaɗan cikin awa biyu, amma ana fita gaba ɗaya cikin minti goma sha biyar. A ɗauka mutum 3,000 ne ke buƙatar Keke, kowane Keke na ɗaukar huɗu: sawu 750 ke nan. Ko da Keke 150 suna jiran tashi, kowanne sai ya yi sawu biyar, na ƙarshe kuma zai bar fili ne duhu ya yi. A nan ne kuɗin hawa ke ninkawa, a nan ne 'yan sane ke aiki, wanda abin ya shafa sau ɗaya kuma ba ya dawowa da ɗansa.

Abin yi shi ne a zauna da shugabannin ƙungiyar masu Keke da ta direbobi tun ranar Alhamis. A ware wuraren ɗauka uku ko huɗu a cikin gari inda mutane suka riga suka saba tsayawa, a yanke farashi ɗaya na zuwa da na dawowa, a sanar da shi a rediyo da Facebook da WhatsApp. A bakin fili kuma a yi tashar Keke ta wucin gadi, nesa da ƙofa da kamar mita 150 zuwa 200, a jera su layi-layi bisa unguwannin da za su, kowane layi da allo mai manyan haruffa. Idan aka bar su suka matso bakin ƙofa, su da masu fita za su cushe wuri guda, ba mai gaba ba mai baya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na abin da ɗan kallo ke kashewa, ga wasu ma ya fi kuɗin tikiti. A Jamus kulob-kulob da yawa, ciki har da Borussia Dortmund, suna haɗa tikitin wasa da kuɗin jirgin ƙasa da bas na yankin a ranar wasa. Ana iya yin ƙaramin irinsa a nan: kulob ya yi yarjejeniya da hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, ko masu bas na haya, a sayar da tikiti guda mai ɗauke da mota da shiga. Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne. Bas mai kujera 18 ta tashi ƙarfe ɗaya bayan azahar, ta isa da sauran lokaci, ta kuma tsaya a wuri sananne har a tashi. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne motar komawa ta bar Katsina cikin minti 20 da busa usur na ƙarshe. Mutanen da ke bin hanyoyin Jibiya, Batsari da Dutsin-Ma ba sa son dare ya same su a hanya saboda matsalar tsaro, kuma suna da gaskiya. A duba ranakun kasuwar ƙauyuka ma, domin a ranar kasuwa motocin haya can suke tafiya.

Wurin ajiye babur ya fi na mota muhimmanci a garin nan, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mota ɗaya da hanyar fitarta tana cin kimanin murabba'in mita 25, wato mota 300 sun fi faɗin filin ƙwallo guda, wanda yake mita 105 da 68. Babur 1,000 kuwa ba su cika rabin wannan ba, ga shi sun kawo mutum 1,000 zuwa 2,000. A kewaye wurin da igiya ko shinge, mashiga ɗaya, mafita biyu. A buga kati mai lamba biyu iri ɗaya, a ɗaura ɗaya a kan babur, a ba mai shi ɗaya, ba a fita sai lambobin sun dace. A jera su layi ashirin-ashirin da tazarar mita ɗaya da rabi a tsakani don kowa ya iya zaro nasa. A sa fitila, ko mai caji ce. Labarin satar babur ɗaya yana zaga gari kafin labarin cin ƙwallo uku.

Lokacin take wasa

An saba take wasannin gasar Najeriya da ƙarfe huɗu na yamma, sau da yawa ranar Lahadi. La'asar a Katsina tana faɗawa tsakanin uku da rabi zuwa huɗu. In babu wurin alwala da salla a cikin harabar fili, mutane za su yi salla a unguwa sannan su taho, sai su iso ƙofa a lokaci guda ana gab da farawa. Tankin ruwa biyu masu lita 2,000, famfo goma sha biyu a jere, butoci da tabarmi a ƙarƙashin rumfa sun isa su jawo ɗaruruwan mutane su shigo tun uku da kwata. A ƙarshen wasa kuma, wanda aka fara ƙarfe huɗu yana ƙarewa wajen shida saura kaɗan. A watan Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan shida, don haka duk jinkirin minti ashirin wajen farawa yana nufin a fita cikin duhu, ga ƙurar hunturu. Kada a jira babban baƙo kafin a take ƙwallo.

A duba jadawalin Turai kuma. Manyan wasannin Ingila na Lahadi suna faɗawa daidai wannan yammacin. In ya yi karo da wasan da gari ke jira, a nemi hukumar gasa ta matsar da naka tun da wuri, ko a kafa majigi a haraba domin wanda ya shigo ya samu biyun.

Ƙofa

A nan ake rasa rayuka, don haka a yi lissafi da biro. Ƙa'idar da ake bi a filayen Birtaniya ita ce mashiga ɗaya tana shigar da mutum 660 a awa, kuma wannan iyakar sama ce. Inda ake yaga tikiti da hannu ana kuma caje jiki, a ɗauki 400 zuwa 500. Idan ana sa ran mutum 10,000, kuma 7,000 daga ciki za su zo a awar ƙarshe, ana buƙatar layin shiga 14 zuwa 18. Buɗe ƙofa biyu kawai don a hana satar shiga yana tara dubbai a waje, na baya suna turo na gaba. Haka ta faru a filin Olembe na Yawunde ranar 24 ga Janairun 2022, lokacin wasan Kamaru da Komoros a gasar cin kofin Afirka, mutum takwas suka rasu a turmutsitsin ƙofa. A filin wasa na Akara, babban birnin Ghana, kuwa, ranar 9 ga Mayun 2001, an harba hayaƙi mai sa hawaye cikin 'yan kallo alhali ƙofofin fita na rufe, mutum 126 suka mutu.

Na fita ma yana da awo. Faɗin mita ɗaya a shimfiɗaɗɗen wuri yana fitar da kimanin mutum 82 a minti, a kan matattakala 66, kuma ana so kowa ya iya barin mazauninsa cikin minti takwas. Mutum 10,000 ke nan suna buƙatar jimillar faɗin mafita da bai gaza mita 16 ba, in matattakala ce kusan 19. Kowace ƙofar fita a cire mata kwaɗo tun kafin a shigo, a tsayar da mutum biyu a kanta daga farko har ƙarshe, a buɗe ta gaba ɗaya minti goma kafin tashi. Kada a bar mai rake, mai tsire ko motar wani babba ta tsaya a bakinta. Masu sayar da abinci a ba su layinsu a gefe, domin suna cikin abin da ke sa wurin daɗi, kuma da su ake cin abinci a ranar. Hanyar motar asibiti a killace ta da igiya daga bakin ciyawa har babban titi.

Sayar da tikiti a bakin ƙofa yana cikin manyan abubuwan da ke haifar da cunkoson, saboda neman canji da jiran tiransifa ta shiga. A fara sayarwa tun ranar Juma'a ta hannun masu POS a unguwanni, a ba su ɗan kaso. Rumfar sayarwa ta ranar wasa a kafa ta aƙalla mita 50 daga mashiga, wanda ba shi da tikiti kada ya iso layi.

A ware ƙofa ɗaya ta mata, yara da dattawa, da mata masu caje, da ɓangaren zama na iyali kusa da bayan gida mai ruwa. Magidanci da ya tabbata babu mai ture masa yaro zai zo da uku. Masu keken guragu suna buƙatar gangara marar tsayi, wadda kowane mita ɗaya na hawa yake da tsawon mita 12, da wurin zama inda na gaba ba zai tare musu gani ba in ya miƙe. Magoya bayan baƙi a ba su ƙofarsu da wurin ajiye motarsu daban, a riƙe su minti goma sha biyar bayan tashi, sannan jami'an tsaro su raka su har bakin gari.

A cikin fili, in ana sa ran mutum 6,000 kada a watsa su a wurin mutum 35,000. A tattara su a ɓangarorin da suka fi kusa da ciyawa, a fara cika na yamma wanda inuwa ke sauka a kansa da la'asar. Juventus ta yi shekaru a filin Delle Alpi na birnin Turin a Italiya mai ɗaukar kusan 69,000, da hanyar tsere da ta nesanta 'yan kallo daga wasa, kujeru suna zama fayau. Aka rushe shi aka gina mai ɗaukar kimanin 41,000 a wuri guda, aka buɗe a 2011, ya riƙa cika. Kusanci da 'yan wasa yana cikin abin da mutum ke biya.

Ga ƙaramar hukuma ko masarauta da ke shirin gina sabon fili, a Daura ne ko wani gari, arhar fili a bayan gari tana da tsada daga baya. A nemi wurin da aƙalla hanyoyi biyu daban-daban suke kaiwa, wanda Keke ya riga ya saba bi, wanda ruwan Agusta ba ya kwanciya a kansa. A shimfiɗa ciyawar daga arewa zuwa kudu don kada rana ta shiga idon mai tsaron gida, a sa babbar rumfa a yamma, a bar sarari a kewaye tun kafin masu shaguna su cinye shi.

Bayan kowane wasa, a rubuta abu biyar a littafi ɗaya: tikiti nawa aka yaga a kowace ƙofa, ƙarfe nawa layi ya fi tsawo, babur da mota nawa aka ajiye, minti nawa fili ya ɗauka kafin ya zama babu kowa, da ƙarfe nawa Keke na ƙarshe ya tashi. Ranar Talata a zauna da 'yan sanda, jami'an kula da hanya, ƙungiyar direbobi da wakilan magoya baya, a gyara abu ɗaya ko biyu kafin wasan gida na gaba, a kuma sanar da jama'a abin da aka gyara da sunan ƙofar da ya shafa.