Ka tsinci jariri a Zariya? Ga hanyar da ake bi kafin a ce riƙo

Toh jama'a, mutanenmu akwai tausayi, da an tsinci jariri a bayan masallaci ko gefen kwata kafin ka ce me wata baiwar Allah ta goya shi ta ce ita za ta riƙe. Niyyar mai kyau ce, amma a doka riƙon yaro ba da baki ake yinsa ba, da takardar kotu ake yi.

Farko dai asibiti, Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na ABU a Shika, duk wanda ya fi kusa, likita ya duba cibiya ya rubuta halin da aka kawo shi. Ka sanar da mai unguwa, sannan ku wuce ofishin 'yan sanda a rubuta bayani, wurin da aka gan shi, ƙarfe nawa, su wa suka gani. Daga nan sai 'yan walfiya, wato ma'aikatan jin daɗin jama'a na sakatariyar ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, su ne za su yi cigiyar dangi, in ba a samu ba su kai magana kotu, alƙali ne ke cewa wane zai riƙe. Za su zo gidanka su ga inda yaron zai kwana, su tambayi sana'arka, kar ka ji haushi, aikinsu kenan.

Dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kaduna ta yi tata a 2018. Kuma tun da aka gano yaran da aka sace daga Kano can a Anambra a 2019, duk wanda aka gani da yaro ba takarda wallahi bayani zai yi ta yi har ya gaji.

Su ma walfiyan ba haka kawai za su shigo gida su ɗauki ɗan mutum ba. Sai da odar kotu, sai fa in ran yaron na cikin haɗari, shi ma na ɗan lokaci ne a koma gaban alƙali. In sun zo maka ka nemi katin aiki da takardar, ka tambayi inda za a kai shi da ranar zama, kar ka yi dambe da su. Ba kuɗin lauya? Legal Aid, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya, kyauta suke yi.

In kotu ta ba ka riƙo kuma kar ka liƙa masa sunanka a matsayin uba, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta hana, gado ma ba ya ci sai dai ka yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba.