Yadda zaka ci abinci a waje idan cikinka baya shiri da alkama

Shekara uku kenan da likita yace min in rabu da alkama kwata-kwata. Kafin nan ba irin maganin olsa da ban sha ba, yau ace taifod gobe ace basir, ciki kullum a kumbure kamar ganga, ga gudawa ga kasala, jini kuma baya taɓa cika, sai da aka yi gwajin jini sannan aka zura min kyamara ta baki aka ɗebo ɗan naman hanji tukuna aka gano cutar siliyak ce. Abin da ke tada ta shine gulutin, wannan sinadarin da yake sa kwaɓin fulawa yayi danƙo yana talewa, yana cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turawa da suke kira rai. Idan mai siliyak ya ci, garkuwar jikinsa ce da kanta take afkawa bangon hanjinsa har ya daina tsotsar abinci yadda ya kamata. Ana kiyasin kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma kar wani yace maka ciwon Turawa ne, a wani bincike da aka fitar a 1999 da aka gwada yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, a sansanin gudun hijira na Aljeriya sama da kashi 5 cikin 100 aka samu da ita. In kana zargin kana da ita dan Allah kar ka daina cin alkama kafin a gwada ka, gwajin zai iya fitowa lafiya lau alhali ba lafiyar.

A gida abin da sauƙi, mu da muka tashi da gero da dawa da masara da shinkafa. Rigimar tana waje.

Abu na farko, ka ajiye kalmar gulutin a aljihunka. Na gwada ta ya fi a ƙirga, yaron da yake kawo abinci zai kalle ka yace "babu oga" dan kawai ka ƙyale shi, wani ma ca yayi min ai basa saka sukari, shi a tunaninsa gulukos nake nufi. Ka kira abubuwan da sunansu ɗaya bayan ɗaya: fulawa, alkama, semo, taliya, kuskus, garin burodi. Semo ɗin nan kar ka taɓa tsallake shi, dan mutane da yawa basu san daga alkama ake yinsa ba, zaka ce bana cin alkama ace toh ai ga semo. Kuma kace likita ne ya hana ka, in ka ci sai ka kwanta. Idan kace kawai baka so za'a ɗauka iyayi ne.

Na biyu kuma shine wanda na fi jin jiki kafin in koya. Kar ka tambayi "akwai fulawa a ciki?", wannan tambayar amsarta a'a ce ko da yaushe, mai sayarwa baya son ciniki ya wuce shi. Ka nemi wanda ya girka da hannunsa ka tambaye shi yadda yake yi. Akwai wata mai masa da nake zuwa wajenta da safe, wata biyu ina ci ina mamakin me yasa cikina ya ƙi lafawa tunda dai masa shinkafa ce, na tambayi 'yarta sau biyu tace babu komai. Ran nan na je da wuri na tarar tana haɗa ƙullu, na durƙusa muka gaisa nace Mama wai meye sirrin masar nan taki ne take laushi haka kamar auduga? Tayi dariya tace ɗan nan ai sai da dabara, in na markaɗo shinkafata gwangwani biyu na fulawa nake zubawa, ita ke sa ta tashi. Ba ƙarya 'yar tayi min ba, ita dai bata taɓa tsayawa wajen haɗin ba. Tun daga ranar da yabo nake fara tambaya, mai girki in ka yabi hannunta da kanta zata zayyana maka komai.

Waɗanda kowa ya sani ba sai na ɓata lokaci ba, burodi, gurasa, funkaso, alkubus, fanke, alkaki, cincin, taliya ko ta Hausa ko ta leda, Indomie, shawarma, samosa, mitfai, duk ka yi musu bankwana. Masu kayar da mutum su ne waɗanda a asali basu da alkama amma 'yan kasuwa suke ƙarawa. Ɗanwake shine shugabansu, na asali garin wake ne da rogo da kuka da kanwa, amma yanzu da wuya ka samu na sayarwa wanda ba'a sa fulawa ba, wani ma fulawar zalla ce, ni na cire shi a lissafi sai na gida. Tuwon shinkafa kuma wasu in yayi ruwa da semo ko fulawa suke ɗaure shi wajen tuƙi, sai ka tambaya da me ake ɗauri. Sinasir da wainar shinkafa irin labarin masa ne. Kunun gyaɗa wasu da shinkafa suke damawa wasu da alkama, wasu su kaɗa fulawa dan yayi kauri. Dambu in na shinkafa ne ko tsakin masara lafiya lau, amma akwai na kuskus yanzu a gidajen abinci na 'yan gayu. Burabusko ka tambaya na gero ne ko na alkama. Sai dunƙulen magi da garin kayan ɗanɗano na leda, wasu akwai alkama a ciki wasu babu, ni dai na karanta bayan kwalayen da aka fi amfani dasu na haddace waɗanda suke min daidai, sai in tambaya wanne kuke sawa.

A abin sha ma akwai tarko, lemon malt yawanci da sha'ir ake yinsa, Milo ma a ƙasashe da yawa haka. Zoɓo, kunun aya, fura da nono, ruwan kwakwa, waɗannan ban taɓa samun matsala dasu ba.

Me ya rage kenan? Wallahi da yawa. Shinkafa da miya, shinkafa da wake da mai da yaji, dafaduka, sakwara ta gaske wadda aka daka a turmi, teba, amala, tuwon masara ko na dawa, doya da ƙwai, faten doya, alala, farfesu, gasasshen kifi. In ka faɗa Jos ka nemi acca, tuwonta ko gwatenta, ba ruwanta da gulutin.

Sai maganar kayan aiki, nan ne mutane suke ganin kamar ka cika tsirfa. Ma'aunin da duniya ta yarda dashi kafin a rubuta babu gulutin a jikin abinci shine kar ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya, kaga kenan ɓurɓushin burodin da ya maƙale a wuƙa ba abin rainawa bane. Kuma wuta bata kashe shi, ba ƙwayar cuta bace balle ace ai ya soyu. Ƙosai wake ne tsantsa amma in a kaskon da aka tsame fanke aka soya shi an gama da kai. Cif ɗin dankali ma haka, a manyan gidajen abinci mai ɗaya ne da kazar nan mai ɓawon fulawa. Ka tsaya teburin mai shayi minti biyar ka kalli hannunsa, wuƙar da ya tsaga burodi da ita zai yanka albasa, cokalin da ya juya Indomie dashi zai kaɗa ƙwai, kaskon ma ko gogewa babu. Mai shayin layinmu yanzu ya saba dani, ina zuwa zai ce Malam naka na daban ko, ya ɗauraye kasko da cokali ya yanka sabuwar albasa a kan faranti, ni kuma bana karɓar canji. Wajen mai nama ka duba katakon da yake yanka a kai, in yana haɗa gurasa ko burodi a wurin kace ya shimfiɗa sabuwar takarda ya goge wuƙa, ko ka karɓi tsirenka a tsinke yadda yake.

Duk wannan bazai yiwu da ƙarfe biyu na rana ba lokacin da layi ya kai bakin ƙofa, ba wanda zai saurare ka. Ka je kafin azahar ko bayan la'asar. Kuma in ka samu wuri biyu ko uku da suka gane ka, ka riƙe su gam, yawon gwada sabon wuri duk sati ba namu bane.

A manyan wurare masu menu da weita, abin da na lura shine duk yadda abinci ya ƙara ado haka haɗarinsa yake ƙaruwa. Soyayyiyar shinkafa irin ta 'yan Chana da soya sos ake yinta, shi kuma soya sos yawancinsa da alkama ake haɗa shi duk da sunansa. Miya mai kauri ta Turawa da fulawa ake kaurara ta, sosej da naman boga ana cusa musu garin burodi, kifi ma wasu sai sun barbaɗa masa fulawa kafin su soya. Ni odata bata canzawa: farar shinkafa, gasasshiyar kaza ko kifi ba sos, salak ba kirim, a kawo min lemon tsami da man zaitun in haɗa da kaina. In an kawo da yankan burodi a gefe kar ka yarda a ɗauke burodin kawai a dawo maka da farantin, a canza. Farko kunya nake ji, sai da na kwana uku a kwance saboda kunyar sannan na daina.

Masu zuwa Umara ko Hajji, kabsa da mandi shinkafa ce da nama, su ne abin dogaro, amma harisa da jarish alkama ce, kazar burosted kuma fulawa ce a jikinta. Ka rubuta "khali minal gulutin" wato babu gulutin da Larabci a wayarka, da kalmar ƙamh wato alkama da daƙiƙ wato fulawa, ka nuna musu. A Turai abin yafi sauƙi, tun Disamban 2014 doka ta tilasta wa gidajen abinci su faɗa maka in akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 masu tada rashin lafiya a girkinsu, hatsi mai gulutin yana ciki, Italiya ma duk da ƙasar taliya ce ƙungiyar masu siliyak ta can tana da jerin gidajen abincin da ta horar. In jirgi zaka hau ka nemi abincin marasa cin gulutin tun wajen yankan tikiti ko aƙalla kwana biyu kafin tafiya, a sama ba'a gyara wannan. Gidan abincin Habasha kuma ka tambaya injera, wannan abincin nasu mai kama da sinasir, ta hatsin tef zalla ce wanda bashi da gulutin ko an gauraya, da yawa suna haɗawa da alkama ko sha'ir.

Gidan biki da walima sun fi restoran wuya, dan can ba kuɗinka ka biya ba balle kayi ta tambaya, kuma ba zaka shiga madafa kana yiwa mata tambayoyi ba. Na kan ci abincina in ƙoshi kafin in fita, in an kawo in ɗauki ruwa da lemo in ce Alhamdulillahi, in sun matsa in karɓi tekawe in kaiwa yara. Jakata kuma bata rabuwa da dabino da gyaɗa da ayaba, in tafiya mai nisa ce in ƙara da dafaffen ƙwai biyu da garin rogo da ƙuli-ƙuli a leda, saboda akwai ranar da zaka zagaye tasha kaf ba abin da zaka samu sai burodi da fanke.