Babi na 4: Haƙoran Keke da Lissafin Zagaye

Darasi na 1: Ƙirga haƙora

Ku kifa keken, sirdi a ƙasa, ƙafafu a sama. Ku bi sarƙa da ido. Wajen feda akwai babban faranti mai haƙora, a ƙafar baya kuma akwai ƙarami. Da su biyun nan za mu yi aiki.

Ku fara goge baƙin mai da tsumma, don alli ba ya kama maiƙo. Sai ku shafa alli a haƙori guda. Shi ne 1. Ku ɗora yatsa a kansa ku ce "ɗaya", na kusa da shi "biyu". Inda sarƙa ta rufe haƙora, ku murza feda sannu su fito. Da kun zagayo kan mai allin, ku tsaya. An riga an ƙirga shi.

Mu sake. Mai alli shi ne 1, kuma sau ɗaya ake ƙirga shi. Wanda ya samu 49 a faranti mai haƙora 48, mai allin ya ƙirga sau biyu. Ba abin kunya ba ne, 'yan'uwa, sannu ba ta hana zuwa. A goge, a shafa alli, a sake.

Amma masu cewa za su riƙe wurin da ido, ku daina. Ajinmu na nan Tawa ba a rasa alli. Haƙoran duk kamarsu ɗaya, idonku ba zai riƙe ba. Kafin yatsa, alli!

Darasi na 2: Rabawa

Gaba 48, baya 16. Adadin gaba ake rabawa da na baya: 48 ÷ 16 = 3. Wato feda ta zagaya sau 1, ƙafar baya ta zagaya sau 3. Ku sa alli a taya, ku murza feda a hankali, ku gani da idonku. In kun murza da ƙarfi, ƙafar za ta ci gaba da gudu ita kaɗai, lissafi ya ɓace.

Feda sau 10: 10 × 3 = 30.

In amsarku ta ƙi fita, ku koma ku duba allin.

Darasi na 3

Gaba 44, baya 22: 44 ÷ 22 = 2. Keken ya rage gudu, amma ya fi sauƙin tuƙi a rairayi da hawan tudu.

Aikin gida: gaba 48, baya 24, feda sau 15. Ƙafar baya sau nawa?