Darasi na 7: Dundumin Gado

A can bayan ƙwayar ido, ta ciki, akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Ƙwayoyi iri biyu ke shimfiɗe a kansa. Wajen miliyan 120 su ke gani cikin duhu da gefe-gefe, wajen miliyan 6 kuma su ke rarrabe launi da rubutu.

Dundumi, wato rashin gani da dare, ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi sani shi ne na ƙarancin bitamin A, mai kama yara musamman bayan ƙyanda, kuma yakan wuce cikin 'yan kwanaki da zarar an ba yaro maganin. Na gado daban ne. Ƙwayoyin ganin duhu ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma yana samun kusan mutum 1 cikin 4,000 a duniya.

Da magariba ake fara lura. Yaro ya yi tuntuɓe da turmi a tsakar gida, ko ya shigo zaure daga rana ya tsaya cik yana lalube. Bayan shekaru ganin gefe ya ƙuntata, kamar mai leƙe ta bututu. Zai karanta allo tsaf, amma babur ya zo ta gefensa bai gani ba. Nan ne ake zaluntarsa da cewa sakarci ne ko ganganci.

A sashen ido na babban asibiti, a Gusau ko Birnin Kebbi, za a ɗiga maganin buɗe ɗan ido, a jira minti 20 zuwa 30, sannan likita ya haska ciki. Abu uku yake nema: baƙaƙen zane-zane masu rassa a gefen tantanin, hanyoyin jini da suka sirance, da bakin jijiyar gani da ya koɗe kamar kakin zuma. Idan ya ga fararen ɗige-ɗige, ko ya tarar ido ɗaya kawai abin ya taɓa, ba ya gaggawar cewa gado ne. Tunjere, tsohon rauni, da daɗewa ana shan kulorokwin duk suna barin tabo mai kama da haka. Ka tafi da ɗan rakiya, don gani zai yi dishi-dishi na awa 4 zuwa 6.

Auren zumunci na ƙara yawan dundumin gado. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da irin ciwon a ɓoye, su lafiyarsu lau, amma kowane ciki yana da haɗarin kashi 1 cikin 4. Kowane ciki fa, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Gida ɗaya na iya samun uku. Wani nau'in ta wajen uwa yake bi ya kama maza, wani kuma tare da kurumta yake zuwa.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa. A 2017 Amurka ta amince da maganin Luxturna, amma na nau'i guda ne tak. Abin da ke gyaruwa a nan shi ne yanar ido, wadda kan zo wa masu ciwon da wuri, da kumburin tsakiyar tantanin. Kada a kai wa mai sauke yana na gargajiya. Kada a sha bitamin A barkatai: yawansa na lahanta hanta da ɗan tayi. A riƙe tocila, a bar kayan ɗaki a inda aka saba ajiye su, a haƙura da tuƙin dare.

Aikin gida: rubuta sunayen 'yan uwanka da ba sa gani da dare, da shekarun da kowa ya fara, har da kawunnai. Ka kai wa likita takardar ranar gwaji.