Kurakuran saita shota da na gaji da gani a hannun sababbin masu kamara

Kusan kowane mako sai wani yaro ya kawo mini katin ajiyar hotunan kamararsa a shago nan Damagaram yana cewa, "Malam, kamarata ta lalace." Da na duba sai in tarar kamara lafiyarta ƙalau, shota ce bai iya saitawa ba. Shota ita ce ƙiftawar idon kamara, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga a kowane hoto cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. In ka ga 1/50, ido ya buɗe na kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa.

Bari in fara da kuskuren da ya taɓa ci mini kuɗi. An kira ni ɗaukar biki da dare a Zango, na je da sabuwar kamara wadda aka sayo mini daga waje, ina ta taƙama. Ban duba ba ashe a tsarin NTSC take, na Amurka, tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, shota a 1/60. A ɗan allon kamara komai tsaf. Da na zuba a kwamfuta sai ga baƙaƙen layuka suna hawa suna sauka a fuskar amarya, tun daga shigowarta har rabon abinci. Uwar amarya ta kalli minti biyu ta ce, "Ɗana, wannan aljanu ka ɗauko mana?" Cikon kuɗina ban gan shi ba har yau, kuma ban ga laifinta ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wutarmu a Nijar 50 Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa, musamman masu araha, haskensu na ƙaruwa yana raguwa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kamara tana gani. Amurka kuwa 60 Hz ce, shi ya sa 1/60 ke yi musu daidai. Shiga menu ka mayar da kamara PAL, tsarin da ya dace da wutarmu, hoto 25 a daƙiƙa, shota 1/50 ko 1/100. Ka kwashe abin da ke kan kati tukuna, don wasu kamarorin sai sun goge shi in an sauya tsari. In kuma gurup aka tayar, wato janareto, kada ka amince masa, gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ni nakan nuna kamara kan farin bango, in riƙa juya shota kaɗan-kaɗan har layukan su kwanta, sannan in fara aiki.

Na biyu shi ne ya fi ba ni haushi, don ragwanci ne tsantsa. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, rana ta take, hoto ya yi fari fat, sai yaro ya murɗa shota zuwa 1/2000 wai ya rage haske. To, haske ya ragu, amma dawakin fa? Sukuwa ta koma tsalle-tsalle kamar fara, ƙura ta daskare, rawani ba ya kaɗawa yadda ido ya saba. Kai ba hoton bango kake ɗauka ba! Motsi na bukatar ɗan dishi-dishi kafin ya yi kama da rai. Ƙa'idar da nake bi: ninka adadin hotunan da kake ɗauka a daƙiƙa sau biyu. Hoto 25, shota 1/50. Hasken da ya yi yawa kuwa gilashin ND ke tare shi, tabarau ne na kamara. ND8 kan ishe ni da la'asar, da tsakar rana nakan sa ND64 wanda ya fi shi duhu. Kuna sayen riga mai aljihu goma da sunanku a baya, amma gilashi guda ya gagare ku.

Wasu abokan sana'a sukan ɗaga zuwa 1/250 a filin kokawa don a ga kamun ƙafa sarai. Ban hana ba, ni dai ba na wuce 1/100.

Sauran ƙanana ne. Kada ka bar shota a otomatik, da ka juyo daga rana zuwa inuwar rumfa za ta sauya da kanta a tsakiyar ɗauka. Da dare kada ka sauke ta zuwa 1/12 don neman haske, mutane za su riƙa jan inuwa kamar fatalwa, ka kawo fitila ko ka ƙara ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara. In kana son rawar ƙawaye ta tafi a hankali wajen tacewa, ɗauki hoto 50 a daƙiƙa da shota 1/100. Shi ma mai ɗauka da waya ya duba, yawancin wayoyi a hoto 30 suke zuwa.