Fasfonka ya kwana a hannunka: ga 'yan Sakkwato masu zuwa Ingila

Ƙannena da kuke sauka Ingila daga Sakkwato, da iyayenmu da ke gida suna haɗa kuɗin jirgi, ku ba ni aron kunnuwanku. Batun sanyi da naman halal da masallacin Juma'a ba zan tsaya kansa ba. A Landan da Birmingham da Manchester duk muna da 'yan uwa, kuma Sakkwatawa ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa. Buɗe asusun banki ma cike fom ne kawai. Abin da ke karya mutanenmu shi ne aiki, da wanda ya ba da aikin.

Tun daga gida ake ɗaura igiyar. Ejan ya zo majalisa a Mabera ko Gawon Nama ya ce yana da gurbin aiki, sai a sayar da gonar albasa ta fadama, a haɗa da shanu, a danƙa masa miliyoyi. Takardar ɗaukar nauyin ma'aikaci, wadda ake neman bizar aiki da ita, ba hajar kasuwa ba ce. Kamfanin da zai ɗauke ka shi ke biyan gwamnati kuɗinta, kuma an hana shi ɗora maka. Ƙari a kan haka, tun Yulin 2025 aka rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Duk wanda ya ce muku yana da irin wannan gurbin yanzu, Baba, kada ku taɓa gonar. Ku kai maganarsa ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, da ke Sakkwato.

Wanda ya iso da bashi a wuya kuwa, komai aka ce masa zai ce to. A wurin wankin mota na fara. Mai wurin Bahaushe ne, sahu ɗaya muke sallah, Alhaji nake kiransa. Ranar da na iso ya karɓi fasfona, wai kada ya ɓata. Ya zuba mu a ɗaki ɗaya saman shago, ƙarshen sati ya cire haya, ya cire abinci, ya cire kuɗin motar da ke kai mu aiki, ya miƙo abin da ya rage a hannu. In ka buɗe baki sai ya ce: "Wa ya rufa maka asiri a ƙasar nan?" Kunyar da aka rene mu da ita, ta rashin ja da babba, ita ce jarinsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne har yau ina ganin yara masu digiri daga jami'ar Danfodiyo suna miƙa fasfo da hannu biyu suna godiya.

Wannan ba taimako ba ne. Ingila ta yi dokar yaƙi da bautar zamani a 2015, hukuncin tilasta wa mutum aiki yana iya kai wa ɗaurin rai da rai, kuma ba sai an sa maka sarƙa ba. Riƙe fasfo, bashin da ba ya ƙarewa, barazanar kai ƙararka wurin jami'an shige da fice, duk alamunta ne. A Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin albashi fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama, kuma duk Afrilu ake sake duba shi. Takardar albashi haƙƙinka ce. Ka sami ɗan littafi kana rubuta lokacin da ka shiga da lokacin da ka tashi. Ɗalibai masu karatun digiri, awa 20 ce iyakarku a sati lokacin karatu; mai wurin da ya lallashe ka ka zarce, gobe da ita zai tsorata ka. Idan abu ya yi tsanani akwai layin taimako na 08000 121 700, kyauta ne kuma ba dole ka faɗi sunanka ba. In rai na cikin haɗari, ka kira lambar gaggawa, 999.

Sai mu da Allah ya ba ɗan kamfanin shara, ko shagon aski, ko gidan abinci. Manyan kamfanonin da cinikinsu ya kai fam miliyan 36 a shekara su aka wajabta wa wallafa bayani kan wannan lamari, amma laifin bai bar ƙarami ba. Ka duba izinin aikin kowa kafin ya fara, ko ɗan ƙanwarka ne, don tarar tana kai fam 45,000 kan mutum ɗaya a karon farko. Albashi ya shiga asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. In wani ya kawo maka samari uku ya ce a riƙa zuba kuɗinsu a nasa asusun, shi ke amsa tambaya a madadinsu, shi ke kawo su ya ɗauke su, kada ka yarda. Ka ja kowane yaro gefe shi kaɗai, ka tambaye shi da Hausa inda yake kwana, da wanda ke riƙe da fasfonsa.