Kwatanci a Turanci: Inda “Fi” Take Kayar da Bahaushe

Bahaushe idan zai kwatanta abu biyu, kalma ɗaya ta ishe shi. Audu ya fi Musa tsawo, shinkafa ta fi masara tsada. Tsawo yana nan a tsawonsa bai motsa ba, “fi” ce ta ɗauki kayan duka. Turanci kuwa raba aikin ya yi gida biyu: sifa ta sauya kama, “tall” ta koma “taller”, sannan mahaɗin “than” ya biyo baya ya riƙo wanda ake gwada shi da shi. Yawancin ɓarin da ɗalibanmu ke yi a wannan babi, a takardun WAEC da NECO har zuwa wasiƙar neman aiki, daga nan ya samo asali: ko a yi rabin aikin, ko a yi shi sau biyu.

Mai rabin aiki shi ke rubuta “Audu is tall than Musa”, don a zatonsa “than” ita ce “fi”. Ba ita ba ce. Ma'anar fifiko tana cikin “-er” ko “more”. Mai ninka aiki kuma shi ke cewa “more taller” da “more better”, wai don magana ta yi ƙarfi. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, domin ba ƙananan yara kaɗai ba, har masu digiri suna yin sa a gaban jama'a ba tare da sun ji komai ba. “More” da “-er” aiki ɗaya suke yi, ba a haɗa su a kan kalma guda. Kamar a ce “ya fi fin sa tsawo” ne, wa zai saurare ka?

Dabarar da nake bi ita ce ƙirga gaɓa da tafi. Furta kalmar kana tafa hannu. Tafi ɗaya, a liƙa “-er”: “cheap” ta zama “cheaper”. Idan ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, yawanci ana ninka baƙin: “big, bigger”, “hot, hotter”. Tafi uku ko fiye, sai “more”: “more expensive”. Masu tafi biyu su ne masu gardama. Waɗanda suka ƙare da “y” suna komawa “-ier”, kamar “easier” da “heavier”. Sauran, idan ka yi shakka, sa “more”, da wuya ta ba ka kunya. “Good, better” da “bad, worse” ba su bin doka, haddace su ake yi.

To mai son maganarsa ta yi ƙarfi fa? Akwai hanyarsa. Abin da muke cewa “ya fi shi nesa ba kusa ba” shi ne “much better” ko “far better”. Fifiko kaɗan kuma “slightly better” ko “a bit better”. “Very” ba ta shiga nan sam. Babu “very better”.

Wani kuskuren kuma ya fi waɗannan ɓoyuwa, saboda jimlar tana da daɗin ji. Ɗalibi ya rubuta: “The climate of Jos is cooler than Kano.” Ga “cooler”, ga “than”, komai kamar ya zauna. Amma duba da kyau, me aka ɗora a kan sikeli? A hannu ɗaya yanayi, a ɗaya hannun gari sukutum. Da Hausa “Jos ta fi Kano sanyi” ba ta da aibu, don gari aka gwada da gari, kuma “Jos is cooler than Kano” ita ma daidai ce. Amma da zarar ka fara da “climate”, dole ka ƙare da shi: “cooler than that of Kano”. Idan jam'i ne, “those”: “The roads in Abuja are wider than those in my town.” Mai neman aiki da ya rubuta “my qualifications are better than other applicants” ya gwada takardunsa da mutane ne, alhali “than those of other applicants” yake nufi. Haba jama'a! Minti ɗaya ya isa a kama wannan. Ɗauki biro, ja layi ƙarƙashin abin da ke gaban “than”, ja wani ƙarƙashin abin da ke bayanta, ka tambayi kanka: jinsi ɗaya ne? Rashin sake karanta abin da aka rubuta ne kawai, ba rashin ƙwaƙwalwa ba.

Ɗan'uwan wannan shi ne “Kano is bigger than any city in the North.” Ai Kano ma tana cikin biranen, ka ga ta fi kanta ke nan. A ce “any other city”.

Sai daidaito. A nan Hausa ta ba mu tsani mai kyau, wato “kai”. Ya kai Musa tsawo: “as tall as Musa”. Bai kai shi ba: “not as tall as”. Duk inda ka ji “kai” a zuciyarka, “as” biyu kake bukata, sifa kuma ta zauna a tsakaninsu tsurarta. Babu “as taller as”, babu “as tall than”. Ninki ma ta nan yake bi: “twice as expensive as”, “three times as long as”.

Bayanau, wato kalmar da ke bayyana yadda aka yi aiki, shi ma ana kwatanta shi. Wanda ya ƙare da “-ly” yana ɗaukar “more”: “drive more carefully”. “Early” ce ta fita zakka, “earlier” ake cewa. “Fast” ta ba da “faster”, “well” ta ba da “better”, “hard” ta ba da “harder”. A yi hattara da “hardly”, ma'anarta “da ƙyar”. Wanda ya rubuta wa ma'aikacinsa shaida ya ce “he hardly works” ya kira shi malalaci, ko da yabo ya nufa.

Akwai kalmomin da ba su jituwa da “than” ko kusa. “Senior”, “junior”, “superior” da “inferior” daga Latin suka zo da fifikonsu a jiki, “to” ce ke bin su: “She is senior to me.” Ba a sa musu “than”, kuma “he seniors me” da ake ji a titi ba ta shiga takarda. “Prefer” ma haka: “I prefer tea to pap.” Amma “gara in mutu da in yi sata” da “would rather” take tafiya, ita kuma “than” take so: “I would rather die than steal.”

Iya kuɗinka, iya shagalinka, wannan ginin Turanci ma yana da shi, da “the” sau biyu da waƙafi a tsakiya: “The more you pay, the more you enjoy.” Kada a yar da “the” ta biyu.

Masu shirin JAMB su riƙe wannan. “Zuwan liman ke da wuya sai aka ta da salla” tana da fuska biyu. “No sooner had the imam arrived than the prayer began”, ko “Hardly had the imam arrived when the prayer began.” “Sooner” siffar fifiko ce, shi ya sa ta jawo “than”, “hardly” da “scarcely” kuwa “when” suke ja. A lura kuma “had” ta riga mai aikin zuwa.

“Than” ta kwatanci ce, “then” ta lokaci. “Fewer” ga abin ƙirgawa, “less” ga abin aunawa: “fewer bags, less rice”. Ana cewa “my elder brother”, amma “older than me”.

Maganar “than me” da “than I” da wasu malamai ke tayar da jijiyar wuya a kanta, ni a wurina “than me” ta wadatar a hira, a rubutun jarrabawa kuma a cika ta a ce “than I am”. Inda abin yake da haɗari na gaske shi ne irin “Binta likes Amina more than me.” Binta ta fi son Amina a kaina ne, ko ta fi ni son Amina? Jimlar ta ɗauki duka biyun. Idan na farkon kake nufi, rubuta “more than she likes me”. Idan na biyun ne, “more than I do”.